Na Ɗauko wa Inna Dutse a Jaki

Tun da na dawo daga ƙasar Kurfi mutanen unguwarmu suka hana ni sakat. In na zauna gindin gawo zan sha fura, ludayi bai kai baki ba wani zai matso ya ce, "Nomau, wai da gaske Nasaran nan ƙwari yake ci?" Wani kuma ya ce an gaya masa akwatin Nasaran yana tsotse kurwar itace, duk bishiyar da aka nuna masa sai ta bushe. Labari ya yi ta yawo har ya tsiro ƙaho da wutsiya. Shi ya sa na roƙi Malam Isufu, limamin unguwarmu, ya ɗauko tawada, in faɗa sau ɗaya ya rubuta. Daga yau duk wanda ya tambaye ni, ƙofar Malam zan nuna masa.

Ni dai mai jakai ne. A wani ƙauye kusa da Maraɗi aka haife ni, kuma jigilar kayan mutane ita ce abincina. Amma mahaifiyata, wadda kowa ke kira Dangana, ba a nan aka yanke mata cibiya ba. Tana 'yar yarinya, ko famfara ba ta gama ba, mahara suka ɗauko ta daga kudu, zamanin yaƙe-yaƙe, kafin Turawa su raba ƙasa. Dangana suna ne da iyayengiji suka laƙaba mata. In ka tambaye ta na ainihi sai ta yi murmushi ta ce, "Ya hwaɗi a hanya, ɗana, ban koma na ɗauko ba." Sunan garinsu ma ya bi shi. Abu guda ya rage mata, kuma tun ina goye nake jin sa: wani dutse da ya tsage biyu, gamji ya fito ta tsakiyarsa, da gurbin ruwa a gindi wanda malam-buɗe-littafi ke rufewa. Ta kuma tuna takan ji manya suna cewa za su ci kasuwar Kurfi. Mu kuwa ƙasarmu rairayi ce, ko dutsen niƙa sai an sayo, don haka ina yaro na ɗauka tatsuniya ce take mini.

A shekarar da nake ba ku labari yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farkon damina tana gane fuskata daga bakin ƙofa. Kafin gero ya fid da kai, sai na zo dab da ita.

Ana nan sai wani Bature ya sauka kasuwarmu yana neman jakai. Ba soja ba ne, ba kuma mai karɓar haraji ba. Wani siriri ne mai furfura, wuyansa ja kamar na zakara, ya fito daga arewa zai bi ta Kurfi da Dutsin-Ma ya gangara inda jirgin ƙasa yake. Kukunsa, wani Banufe mai suna Audu, shi ne bakinsa. Da ya ji ni Bakatsine ne, kamar yawancin mutanen Maraɗi, sai ya washe haƙora ya ce, "Alhamdu lillahi, na tsinci bawana!" Kun dai san wasan da ke tsakaninmu da Nufawa. Na ce masa kifi ne ya ƙare a gulbi ya fito tudu yana wanke wa Nasara tukunya? Nan muka ƙulla.

Audu ne ya zaro wata takarda ya nuna mini. Na duba, sai ga kukar bakin kasuwarmu, da karyayyen reshenta, da amyar da ke rataye a kai, duk sun shige tafin hannuna. Na waiwaya, kukar tana nan inda take. Na sake duba takarda, tana nan ma.

"Hoto ke nan, baƙauye," in ji Audu. "Maigidana ba ruwansa da mutane. Itace, dutse, ciyawa, ƙwari, su yake bi."

Da na ji dutse, na kuma ji Kurfi, ko ciniki ban tsaya yi ba. Na ruga gida na tarar da Inna tana tsintar wake da lalube.

"Inna, zan ɗauko miki dutsenku."

Ta ce, "Wane jakin naka za shi ɗauka, Duna ko Goho?"

Na yi mata bayani iyakar abin da na gane, wanda bai taka kara ya karya ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can sai ta ce, "To ka yi sauri. Hitilar ta kusa shanye mai."

Sauri kuwa shi ne abin da ba a yi da Mai Ƙwari, don sunan da muka sa wa Baturen ke nan. Tafiyar da fatake ke gamawa kafin azahar, mu sai mu wuni a kanta. Ana cikin tafiya zai ɗaga hannu a tsaya, a sauke akwatin ɗaukar hoto, a kafa masa ƙafafunsa uku, shi kuma ya lulluɓa da baƙin zane kamar amarya. Me aka gani? Buzuzu ne ke mirgina kashin shanu. Dattijo da furfurarsa zai durƙusa gaban buzuzu, gaisuwar da ko sarki bai samu daga gare shi ba. Wata rana ƙoƙi-ƙoƙi muka jira ta gama ɗaga hannuwa, wata rana raɓa ce a kan saƙar gizo-gizo. Ni kuwa ina tsaye riƙe da jakai, idon Inna kawai nake tunani, zuciyata na tafasa.

Iyakar da ake ta ba mu tsoro da ita, da muka iso, ashe wani ɗan ginshiƙi ne da bai kai ƙuguna ba, a tsakiyar gonar gero. Mai gonar ya ce mana rabin hatsinsa na Faransi ne, rabi na Ingilishi, amma tsuntsaye har yanzu ba a sanar da su ba. Wani ɗan sanda mai jar dara ya karɓi takardar Bature, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ƙame ya mayar. Na yi bisimilla na tsallaka da ƙafar dama, ina jiran in ji wani abu ya sauya a jikina. Ban ji komai ba sai ƙarangiya. Mai Ƙwari kuwa ya gano zanzaro ya yi ɗaki a jikin ginshiƙin, nan muka yi la'asar.

Kafin Kurfi akwai wani gulbi da damina ta cika. A nan Duna ya ja mini abin kunya. Shi ne ke ɗauke da kwalayen gilashi, kuma kowane hoto gilashinsa daban, in babu gilashi akwatin nan bai fi akwatin goro ba. Muna tsakiyar ruwa Duna ya ji sanyi a cikinsa, ya tuna ƙuruciya, ya kwanta. Da ƙyar muka tashe shi, ni ina jan kunne, Audu yana jan wutsiya yana zagin kakannin jaki da na mai jaki. Bature bai yi faɗa ba. Ya zauna kan yashi yana ɗaukar kwalayen ɗaya-ɗaya yana girgizawa a kunnensa, don ba a buɗe su a haske. Wanda ya yi ƙara ko ya ɗiga ruwa sai ya ajiye gefe. Da ma ya zage ni da na fi jin daɗi. Abin da ya tsira kaɗan ne ƙwarai, kuma ya ce wa Audu ya gaya mini daga yau ba dutse, ba itace, sai ƙwaron da bai taɓa gani ba. Na kalli Duna, yana ta cin ciyawarsa.

Ranar da na fara ganin duwatsun Kurfi na nemi gafarar Inna a zuciyata. Ga su nan wani kan wani, kamar wani ne ya jibge su zai dawo ya kwashe. Awaki suna yawo can bisa inda mu shaho kawai muka sani, mutane kuwa sun kafa rumbuna a kan falalen dutse, ko a jikinsu. An sauke Bature a bariki, mu kuma a gidan wani dattijo manomi. Aka kawo tuwon dawa ja wur, da miya mai man kaɗe. Mu da muka saba da gero da man shanu, loma ta farko ta tsaya mini a maƙogwaro tana shawara. Ta biyu ta rarrashe ta suka wuce tare, kafin mu bar garin har ƙari nake nema.

A kasuwa na lura duk macen da ke da goyo wani ƙanshi na bin ta, mai kama da na ɗoɗɗoya amma ya fi shi sanyi. Na tambayi matar mai masaukinmu. Ta ce wani ganye ne da ba ya fita ko'ina sai a tsagin dutse, suna murza shi a tafin hannu su shafe majanyi da shi, don sauro da ƙuda, kuma yaro ya sami barci. Na ce mu a wajenmu laya ake rataya wa yaro, ba a mayar da shi miya.

"Shi ya sa kuke girma da taurin kai," in ji ta.

Duk inda muka yada zango ina tambayar dutse mai tsaga. Kowa sai ya ce, "Wane daga ciki?" An nuna mini wani, ga tsaga ba gamji. An nuna mini wani, ga gamji ba ruwa. Na fara jin ko Inna mafarki ta haɗa da yarinta ta ba ni. Sai a Birchi, inda muka tsaya shayar da jakai, na sami wata tsohuwa mai daddawa da ake kira Gwaggo Hure. Na faɗa mata yadda Inna ke faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ta ajiye faifanta.

"Kuhwan Gamji kake hwaɗi," in ji ta. "Gaba da Dutsin-Ma yake, in ka nuhi Makera. Babu kowa nan tun harin da anka yi ina budurwa."

Na ce, "Gwaggo, ko kin san wata yarinya da aka ɗauke, ba ta gama famfara ba? Uwata ce. Sunanta nake so."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. "Wace daga ciki, ɗan nan? Da yawa anka kwasa."

Ban san Audu yana bayana ba sai da na juya. Tun daga wannan rana bai ƙara ce mini bawana ba, sai Nomau. Na so in ce masa ya ci gaba, wasa ai wasa ne, amma bakina ya kasa.

Dutsin-Ma ɗan gari ne kwance a gindin wani ƙaton dutse, suka ce wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a kansa. Mun iske ana ta gine-gine, kowa da laka a ƙafa. A nan gilashin Bature ya koma ɗaya tak, yana ɓoyonsa saboda ko zai gamu da wani ƙwaro na musamman. Ni ban da fuskar roƙo, tun da jakina ne ya yi ɓarnar. Audu ne ya shiga wurinsa ba tare da na aike shi ba. Na ji suna ta magana da Turanci, Audu yana ɗaga murya yana saukewa. Can Bature ya leƙo, ya dube ni, ya ce da karyayyar Hausarsa, "Uwa gani?"

Na ce, "Kaɗan, ranka ya daɗe."

Ya koma ciki. Da gari ya waye ya ce a ɗaura wa jakai kaya. Har yau ban sani ba, tausayin Inna ne ya ja shi, ko malam-buɗe-littafin da Audu ya ƙara wa gishiri.

Muka bar hanyar Makera muka kutsa cikin gamba da ta fi mu tsawo. Ba ka jin komai sai kukan kurciya da shassheƙar jakai. Daga nan muka fara tuntuɓe da duwatsun murhu, uku-uku, ciyawa ta cinye su. A kan wani falalen dutse muka ga ramukan da mata suka niƙa hatsi har dutse ya lotsa, ruwan sama ya kwanta a ciki. Sai gamba ta ƙare, na ɗaga kai.

Ban tambayi kowa ba. Na san shi kamar yadda mutum ke sanin muryar gidansu daga bayan danga. Dutsen ya rabe biyu, gamjin ya fito ta tsakiya ya baza inuwa, saiwoyinsa sun gangaro sun rungume ɓangarorin biyu kada su ƙara nisa da juna. A gindi ga ruwan, shiru, gefensa ya yi fari da rawaya. Na ɗauka furanni ne. Da Goho ya yi atishawa sai furannin suka tashi gaba ɗaya, suka yi ta shawagi a kanmu, wasu suka sauka a malafar Bature, wasu a kunnen Duna. Na tsaya ban san tsawon tsayuwata ba. Ji nake kamar ni ne na taɓa wasa a nan, aka ɗauke ni, na manta.

Mai Ƙwari ya durƙusa bakin ruwa. Na san aikinsa zuwa lokacin: in ƙwaro yake so, kusa yake kafa akwati, in dutse ne sai ya ja baya. Ya kafa shi dab da ruwan, ya shiga zanensa, ya daɗe. Na kau da kai don kada Audu ya ga idona. Sai na ji ƙarar ƙafafun akwati. Bature ya tattara su ya saɓa a kafaɗa, ya ja da baya. Ya tsaya ya duba, ya ƙara ja. Bai kafa ba sai da ya kai bakin gamba. Sannan ya ɗaga gefen zanen ya yafuto ni.

Tun da muka fito ban taɓa shiga zanen nan ba. Ciki duhu ne da warin taba, sai wani ɗan haske a gabana mai faɗin tafi biyu. A cikinsa duniya take, amma a kife. Dutsen na rataye daga sama, ruwan yana bisa bai zubo ba, gamjin ya sunkuyo da kansa cikin shuɗin sararin da ya koma ƙasa, malam-buɗe-littafi suna ta yawo a hankali ba sauti. Komai ƙarami, komai tsaf, ya fi na waje kyau. Na tsaya ina jiran wata 'yar yarinya ta shigo ta gefe da ɗan tulunta, tana tafiya a kife, in gan ta ko sau ɗaya kafin a ɗauke ta. Ba ta shigo ba. Audu ne ya ja rigata.

Saura iska. Akwatin ba ya ɗaukar abin da ke motsi, ganyen gamji kuwa faffaɗa ne, iska kaɗan sai ya kama tafi. Muka zauna jira. Rana ta hau, ta fara karkata, ganye bai daina ba. Bature yana duban sama, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ya rufe rana an gama. Audu ya ce, "Nomau, mu a garinmu ba a shiga gida ba sallama."

Na tashi na je gindin gamjin na tuɓe takalma. Na ce, "Salamu alaikum, masu gida. Ni ɗan ɗiyarku ne, wadda anka ɗauke. Ni ban san sunanta ba, ku kun sani. Ba sara na zo yi ba. Inuwarku kawai nake roƙo in kai mata, idonta ya kusa ruhewa."

Malam Isufu ya ɗaga alƙalami a nan ya ce wannan camfi ne. Na ce ya rubuta, iska ta Allah ce, ni dai gaisuwa na yi. Abin da na sani, ban gama sa takalma ba ganye ya yi tsit. Bature ya cire murfin idon akwati, leɓɓansa suna motsi, ya mayar. Na ce wa Audu shi ke nan? Ya ce shi ke nan. Kafin mu ɗaure kaya ruwa ya sauko.

A barikin Dutsin-Ma ya shiga ɗaki ya toshe ko'ina, ya fito da gilashin. Na ga sama ta yi baƙi, dutse ya yi fari, na ce aikin ya lalace. Ya yi dariya, ya ɗora gilashin kan farar takarda ya ajiye a rana. Ashe rana ce marubuciyar. Da ya ɗaga, ga dutse, ga tsaga, ga gamji, har da fari-fari a bakin ruwa. Ya wanke ta, ya shanya, ya sa mini ita tsakanin gilasai biyu da suka lalace don kada ta tanƙware. Na sa cikin ƙwarya. Don kada su fashe a hanya na cusa ganyen nan na tsagin dutse ko'ina, saboda shi ne mafi kusa da hannu a bayan bariki, kuma yana da laushi. Bature ya sallame ni, ya ce zai nemi wasu jakan. Audu ya raka ni bakin gari, ya ce in gaida Inna, ya juya da sauri.

Dawowa ban ga komai ba, ko ginshiƙin iyaka ban lura da shi ba. Duna da Goho sun sha sanda a kan laifin da ba nasu ba.

Na iso gida da hantsi. Inna na zaune ƙofar ɗaki, fuskarta na kallon rana. Na shigo, na tsaya gabanta, inuwata ta rufe ta, ba ta ce komai ba sai da na yi sallama. Nan na san na makara.

Duk da haka na zaro takardar na sa mata a hannu. Ta kai ta dab da ido, ta nisanta ta, ta juya ta wajen rana. Ta shafa ta da yatsu.

"Sumul take," in ji ta. "Ina dutsen?"

Na kama yatsanta ina bi da shi. Na ce ga tsagar nan, ga gamji, ga ruwa, ga malam-buɗe-littafi. Tana ta gyaɗa kai. Ta ce, "To, madalla. Allah shi yi maka albarka," da muryar da ake rarrashin yaro in ya kawo tuwon ƙasa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokaci ba. Na ɗauki ƙwaryar na kife ta da haushi, busasshen ganye ya watse a tabarma, wani ya zuba a cinyarta.

Sai na ga ta daina motsi. Hancinta ya buɗe.

"Mi ne ne wanga?"

Na ce, "Ciyawa ce, Inna. Shimfiɗa na yi da ita."

Ta laluba ta damƙo. Ta sa tsakanin tafukanta ta murza, daidai yadda matan Kurfi ke yi, ba wanda ya nuna mata. Ta kifa fuskarta a ciki. Ta daɗe haka, kafaɗunta na rawa, ni kuwa na rasa ko kuka take ko dariya. Da ta ɗago, idanun nan farare suna kallon wani wuri da ba gidanmu ba.

"Bayan innata," in ji ta a hankali. Sannan ta ce, "Tarana."

Na ce, "Na'am, Inna?"

"Haka take kirana. Tarana, taho in goya ki."

Ashe da rana tsaka aka haifi uwata. Ni da furfura a gemu, sai ranar na sani.

Hoton yana zauren Malam Isufu, duk mai son ganin dutse ya je ya gani, ko da yake ya fara dusashewa. Ganyen kuwa ta ƙulle shi a bakin zanenta, ba ta ba kowa. Wannan shi ne labarin, babu ƙaho babu wutsiya, kuma Nasara ba ya cin ƙwari. Abu guda nake roƙonku: in kun shiga gaishe ta, kada wanda ya sake ce mata Dangana.